Matar da ta ci miliyoyi a karta, ta ƙi yi wa gidan caca talla



Yau labarin wata Baturiya muka kawo muku, kuma mun san wasu za su ce me ya haɗa mu da ita. Ku yi haƙuri ku bi mu zuwa ƙarshe. Abin da ya sa muka ɗauko ta shi ne, a fadodinmu yanzu ba a raba salula da hannun matashi, kuma cikin bidiyon da ake turawa juna akwai na mutanen da suka ci kuɗi a caca, ana nuna su suna dariya gaban tulin takardun kuɗi. Yaro ya kalla ya ce ai wannan ma sana'a ce, tunda ga waɗanda suka yi arziki da ita. To, bari mu ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa cin nasara a wannan harka, mu duba rayuwarta tun daga farko, mu ga ko ita kanta ta yarda da wannan magana.

Sunanta Victoria Coren Mitchell. An haife ta a birnin Landan a 1972. Mahaifinta Alan Coren sanannen ɗan jarida ne a Ingila, yayanta Giles shi ma ɗan jarida ne. Tana da shekara 14 ta ci wata gasa ta jaridar Daily Telegraph, aka ba ta fili tana rubutu a kan rayuwar matasa. Daga baya ta yi karatun adabin Turanci a jami'ar Oxford. Tun tana yarinya ta koyi wata irin karta da ake kira foka wurin yayanta da abokansa, har ta girma ta fara zuwa wani gidan caca na Landan da ake ce ma Victoria Casino, inda kusan duk masu zama teburin maza ne.

Ita foka, ga wanda bai san ta ba, ƴan wasa ne ke karawa da junansu. Ana raba wa kowa kati a ɓoye, kowa ya zuba kuɗi gwargwadon yadda yake ganin ƙarfin katinsa, ko kuma ya yi kurin ƙarya don abokin karawa ya tsorata ya janye. Akwai sa'a a ciki, akwai kuma lissafi da haƙuri da karanta fuskar mutum. A gasa, kowa na biyan kuɗin shiga, a ci gaba da fitar da mutane ɗaya bayan ɗaya har a bar mutum guda.

A watan Satumba na 2006, a wancan gidan da ta saba zuwa, Victoria ta ci babbar gasar European Poker Tour, ta doke mutum kusan 400, ta tafi gida da fam 500,000 na Ingila. Ita ce mace ta farko da ta taɓa cin wannan gasa. A watan Afrilu na 2014 ta sake ci a garin Sanremo na ƙasar Italiya, cikin mutum sama da 500, alhali da aka zo teburin ƙarshe na mutum takwas ita ce mai mafi ƙarancin abin wasa a gabanta. Ta samu yuro 476,100, wato sama da miliyan 312 na sefa. Kafin ita babu wanda ya taɓa cin gasar sau biyu, mace ko namiji.

Masu turo bidiyo a nan suke tsayawa, amma abin da ya biyo baya shi ne ya sa muka zauna rubutu.

Wata bakwai bayan nasarar Sanremo, a watan Nuwamba na 2014, kamfanin PokerStars, wanda ta yi shekaru yana biyan ta tana ɗauke da tambarinsa, ya ba da sanarwar zai buɗe wasannin gidan caca a intanet, irin su rulet. Ba ta ɓata lokaci ba, ta ajiye kwangilar, a daidai lokacin da sunanta ya fi kowane lokaci daraja. Dalilin da ta bayar shi ne, a foka mutane ne ke karawa da juna kowa da damarsa, amma a waɗancan wasanni mutum da mai gida yake karawa, kuma an riga an tsara lissafin yadda mai gida ne zai ci. Ta ce irin wannan wasa yana da haɗari, yana kama mutum ya kasa bari, musamman a intanet, kuma ba za ta bari a yi amfani da fuskarta a jawo sababbin mutane cikinsa ba. Ta kuma san abin da take faɗa, domin a littafin da ta fitar a 2009 kan rayuwarta a foka ta ba da labarin yadda ita kanta rulet ya taɓa kama ta yana cinye mata kuɗi.

Bari mu warware lissafin da take nufi, don ba wani asiri ba ne. Faifan rulet na Turai rami 37 gare shi, daga 0 zuwa 36. Idan ka sa kuɗi a kan lamba ɗaya ka ci, ninki 35 ake ba ka. Da adalci ake so, ninki 36 ya kamata a ba ka. Wannan ɗan bambanci shi ne abincin mai gida: cikin kowace jika ɗari da aka zuba a teburin, in an daɗe ana yi, kimanin 2,700 na sefa nasa ne. Mutum ɗaya na iya ci yau ya yi murna, amma mai gida bai damu ba, ya san faifan zai ci gaba da juyawa har gobe.

Yanzu mu dawo gida. Yawancin matasanmu ba su taɓa ganin faifan rulet ba, sai dai a salula. Abin da ya kama su shi ne cacar ƙwallo, kamar yadda takardar PMU ta dawakin Faransa ta daɗe da kama wasu cikin manyansu. Ɗan kabu-kabu ya wuni cikin rana, da yamma ya ware jika guda ya haɗa wasa goma a tikiti ɗaya, yana hangen miliyan. Mu ɗauka kowane wasa damarsa ta cin daidai rabi da rabi ce. To damar ya dace a duka goman ita ce ɗaya cikin 1,024. A ƙwallo kuma abu uku ne ke iya faruwa, a ci, a sha kashi, ko a yi kunnen doki, kun ga ke nan abin ya fi haka wuya. Shi ya sa kullum hirar ɗaya ce a fada: wallahi wasa ɗaya ne ya ɓata mini tikiti. Wannan wasa ɗayan da ke ɓatawa kullum, a kansa aka gina sana'ar gaba ɗaya.

Kada wani ya fahimce mu a baibai, ya ce mun wanke foka. Ba mu wanke ta ba, kuma a nan muka rabu da Victoria. Ita tana ganin foka wasan adalci ne tunda kowa da damarsa. Mu kuwa muna tambaya, miliyan 312 da ta ɗauka a Sanremo daga ina suka fito? Daga aljihun ɗaruruwan da suka biya kuɗin shiga. A irin waɗannan gasa, kaso kaɗan na ƴan wasa ne ke samun wani abu, mafi yawa hannu rabbana suke komawa, kuma mai shirya gasar ya riga ya cire nasa tun kafin a raba kati. Kuɗin da ake bugawa an ce wane ya ci kaza a rayuwarsa, ba a cire abin da ya kashe wurin shiga gasannin da ya faɗi. Ba a noma komai ba, ba a ƙera komai ba, kuɗi ne kawai suka tashi daga hannu da yawa suka koma hannu ɗaya. Addininmu ya haramta caca, bai ware mai dabara daga marar dabara ba, kuma wanda ya bi wannan lissafi zai ga hikimar.

Akwai kuma abin da masu cewa caca sana'a ce ba su faɗa. Victoria ba ta taɓa dogara da karta ita kaɗai ba. Duk tsawon shekarun nan tana rubutu a jaridu, tun 2008 kuma take gabatar da shirin kacici-kacici mai suna Only Connect a talabijin na BBC. Ranar da ta yi asara a tebur, akwai wani aikin da ke ciyar da ita. Ranar da ta ajiye kwangilar talla ma haka. Ɗan kabu-kabunmu fa? In jikarsa ta tafi, kuɗin cefane ne suka tafi, ko kuɗin lakkwal na yaro, ko zubin adashen matarsa da ya ranta da alkawarin mayarwa gobe. Mace guda ta yi suna a teburin Turai, amma a gidajenmu mata ne ke ɗaukar nauyin asarar, su da ba su taɓa cika tikiti ba.

Abin da muke ganin ya cancanci a ɗauka daga rayuwar wannan mata shi ne ranar da ta ce a'a. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ita kuwa ta gwammace ta bar ladan. Ko a ƙasarta an fara gane haka: a 2023 ƙungiyoyin Premier League, waɗanda muke kwana kallo, sun amince su cire tallar kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025 zuwa 2026. Saboda haka muna kira ga masu suna a cikinmu, mawaƙa da ƴan wasan barkwanci da masu dubban mabiya a Facebook da TikTok: in an zo muku da kwangilar tallar caca, ku tuna yaron da zai shiga don ya ga fuskarku. Kuɗin da za a ba ku daga aljihunsa za su fito.

Kai kuma ɗan uwa mai tikiti, ba zagin ka muke ba, mun san rashin aiki da matsin rayuwa ne ke tura da yawa. Abu ɗaya muke roƙo. Ka samu takarda, wata guda cur, ka rubuta duk abin da ka zuba da duk abin da ka ci, kada ka tsallake ko dala. Ƙarshen wata ka haɗa lissafin kai kaɗai, ba sai ka nuna wa kowa ba, sannan ka yanke wa kanka hukunci.

Allah ya ba mu halal mai albarka, ya tsare mana zuri'a. Sai mun sake haɗuwa.