NAZARI: Igiyar aure a hannun jami'in shige da fice: Yadda Kanada ke tace ma'auratan da ke neman zama tare

Tun daga ranar 21 ga Janairun 2025 lissafin dubban matasan da ke shirin tafiya Kanada da iyalinsu ya sauya. A wannan rana ce gwamnatin ƙasar ta taƙaita buɗaɗɗen izinin aiki da take bai wa mata ko mazajen ɗalibai da na ma'aikata 'yan ƙasashen waje. Kafin nan, tsarin da yawancin masu "japa" suka dogara da shi a bayyane yake: ɗaya ya shiga makaranta, ɗaya ya kama aiki, albashin mai aikin ya riƙe gidan. Yanzu sai matar ko mijin ɗalibin da ke digiri na biyu mai tsawon aƙalla wata 16, ko digiri na uku, ko wasu kwasa-kwasan ƙwarewa da aka keɓe, shi ne zai samu wannan izini. A ɓangaren ma'aikata kuwa, sai wanda abokin zamansa ke riƙe da babban aiki ko wata sana'ar da ake ƙarancin masu yin ta, kuma ya kasance da sauran aƙalla wata 16 a takardarsa.

Da wannan ƙofa ta ƙuntata, hankali ya koma ga wadda ke kusa da ita, wato tsarin da ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin ke ɗaukar nauyin matarsa ko mijinta. Mutane da yawa na haɗa ƙofofin biyu, alhali kowacce da dokarta. Ta farko alfarma ce ta wucin gadi da ke rataye a wuyan takardar wani, ta biyun kuma hanya ce ta zama na dindindin. Matakin 2025 bai taɓa ta biyun ba. Sai dai shiga ta cikinta na da sharuɗɗan da ke cin karo da yadda ake ɗaura aure a ƙasar Hausa, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba da kyau.

Siyasar da ta haifar da matsin

A watan Oktoban 2024 ministan shige da fice na lokacin, Marc Miller, ya sanar da rage yawan masu samun zaman dindindin zuwa 395,000 a 2025, bayan an tsara karɓar 500,000 tun farko. Dalilan da gwamnatin Justin Trudeau ta bayar sun haɗa da tsadar gidaje da matsi a kan asibitoci da sauran hidimomin jama'a. Gwamnatin Mark Carney da ta biyo baya ta ci gaba da wannan tafiya, da burin rage masu zaman wucin gadi zuwa ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na al'ummar ƙasar.

Ba Kanada kaɗai ba ce. Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyalinsu daga Janairun 2024, bayan alƙaluman 2022 sun nuna cewa 'yan Najeriya ne kan gaba da fiye da biza 60,000 na iyalan ɗalibai. A watan Afrilun 2024 kuma ta ɗaga mafi ƙarancin kuɗin shigar da ake buƙata kafin mutum ya kawo abokin zamansa daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a shekara.

A nan Kanada ta bambanta. A mafi yawan lokuta ba ta gindaya wa mai ɗaukar nauyin matarsa ko mijinta wani adadin albashi. Abin da take nema shi ne ya kai shekara 18, kada ya kasance yana karɓar tallafin marasa galihu in ba don naƙasa ba, sannan ya sa hannu a kan alkawarin ciyarwa, tufatarwa da matsuguni na shekara uku. Wannan sassauci na da muhimmanci ga Najeriya, wadda ke cikin ƙasashe biyar da suka fi samar wa Kanada sabbin mazauna a 'yan shekarun nan.

Hanya biyu, kowacce da tsadarta

Ana shigar da buƙatar ta ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta iyali, wadda aka fi bi idan matar ko mijin na wajen Kanada. Ta biyu ta ma'auratan da suka riga suna zaune tare a cikin ƙasar ce. Tun 2016 ma'aikatar shige da fice, wadda aka fi sani da IRCC, ta ɗora wa kanta wa'adin wata 12 na kammala irin waɗannan buƙatu, amma wa'adin buri ne, jira na iya zarce haka. A lardin Kwebek, wanda ke da nasa matakin tantancewa, jiran ya fi tsawo ainun, kuma a watan Yunin 2024 lardin ya ƙayyade buƙatu 13,000 kacal na ɗaukar nauyin iyali da zai karɓa cikin shekara biyu.

Babban bambancin hanyoyin biyu yana bayyana ne ranar da aka ce a'a. Wanda ya bi hanyar iyali na da damar ɗaukaka ƙara cikin kwana 30 zuwa sashen sauraron ƙorafe-ƙorafen shige da fice, inda za a saurari ma'auratan kuma a karɓi sabbin hujjoji. Wanda ya bi hanyar cikin gida ba shi da wannan dama. Abin da ya rage masa shi ne roƙon Kotun Tarayya ta duba ko jami'in ya bi ƙa'ida, kuma kotun ba ta sake auna auren daga tushe. Haka nan, mai bin hanyar cikin gida da ya fita ƙasar, ko da don jana'izar mahaifi ne, idan aka hana shi komawa buƙatarsa na iya rushewa, domin zama tare sharaɗi ne.

Abin da ya daɗe yana jan mutane zuwa hanyar cikin gida shi ne buɗaɗɗen izinin aiki, wanda aka fara bayarwa a matsayin gwaji a watan Disambar 2014. Ana kiransa buɗaɗɗe ne saboda bai ɗaure mutum ga ma'aikata guda ba, kuma ba sai an samu tayin aiki kafin a nema ba. A watan Mayun 2023 minista Sean Fraser ya faɗaɗa shi ga masu bin hanyar iyali, matuƙar suna zaune da mai ɗaukar nauyinsu a cikin Kanada. Ma'ana, yanzu mutum na iya riƙe damar ɗaukaka ƙara kuma ya samu izinin aiki.

Amma izinin ba ya zuwa da kansa. Sai mai nema ya kasance a adireshi ɗaya da abokin zamansa, yana da halastacciyar takardar zama ta wucin gadi ko damar sabunta ta, kuma galibi sai ya samu wasiƙar da ke tabbatar da cewa an karɓi buƙatarsa a cike. Wanda takardarsa ta mutu sai ya jira amincewar farko. Matar da ke Kano ko Zinder ba za ta samu wannan izini daga can ba. Dole ta fara samun bizar ziyara, kuma a nan akwai sarƙaƙiya: dokar Kanada ta yarda mutum ya zo ziyara alhali yana da niyyar zama na dindindin, amma duk da haka sai ya gamsar da jami'i cewa zai fita idan wa'adinsa ya cika.

Batun kuɗi ma ba ƙarami ba ne. Bisa farashin da aka sanya a watan Afrilun 2024, kuɗin buƙatar ya kai dalar Kanada 1,205, ga dala 85 na ɗaukar hoton yatsu, ga dala 255 na izinin aiki, ban da gwajin lafiya, takardar 'yan sanda da fassarar takardu. Ga iyalin da ke samun kuɗinsa da naira bayan faɗuwar darajarta tun tsakiyar 2023, wannan nauyi ne na gaske.

Inda dokar ta ci karo da al'ada

Tun watan Yunin 2015 Kanada ta daina karɓar auren da aka ɗaura ta wakilci, ko ta waya, ko ta intanet, idan ɗaya daga cikin ma'auratan bai halarci wurin da jikinsa ba. Sojojinta da ke bakin aiki kaɗai aka keɓe. A wurinmu kuwa, abu ne da aka saba: waliyyin amarya ya bayar, wakilin ango ya karɓa, a ambaci sadaki a gaban shaidu, a shafa fatiha. Saurayin da ke aiki a Toronto ya ce wa baffansa ya karɓa masa aure a Katsina ya yi abin da addini da al'ada suka amince da shi, amma a idon jami'in shige da fice wannan auren ba zai kawo masa matarsa ba. Ko a inda ango ya halarta, al'adarmu ta bar amarya a gida. Don haka masu niyyar bin wannan hanya su nemi shawarar masanin doka kafin a sa rana, su kuma tabbatar dukansu biyu sun halarta kuma akwai shaidar hakan.

Na biyu shi ne auren mace fiye da ɗaya. Sashe na 293 na kundin laifuffukan Kanada ya haramta shi, kuma ƙa'idojin shige da fice ba sa ɗaukar mace a matsayin matar mutum idan a lokacin da aka ɗaura aurenta yana da wata matar. Amarya ta biyu ba ta da gurbi a wannan tsari. Mafi ƙarancin shekarun wadda za a ɗauki nauyinta kuma 18 ne.

Na uku, takarda. Dokar Najeriya ta amince da auren rajista, da na gargajiya, da na Musulunci, kuma Kanada na duba halascin aure ne bisa dokar wurin da aka ɗaura shi tare da tata dokar. Matsalar ita ce aure da yawa a Arewa ba shi da wata shaida a rubuce. Wannan giɓi ne ke tura mutane hannun masu buga takardun jabu, kuma hukuncin yi wa hukumar ƙarya shi ne haramcin shiga ƙasar na shekara biyar. Haka ma ɓoye mata ko ɗa a lokacin da mutum ke neman nasa zaman na iya hana shi ɗaukar nauyinsu daga baya.

Na huɗu, tabbatar da cewa auren na gaskiya ne. Doka ta ba jami'i ikon ƙin amincewa idan ya ga auren ba na haƙiƙa ba ne, ko kuma an ƙulla shi ne musamman don samun takarda. Ɗaya daga cikin biyun ya isa. Hujjojin da ake nema su ne hotuna, tarihin hira, shaidar aika kuɗi, ziyara da takardun haya. Kanada ba ta haramta auren da iyaye suka haɗa ba, amma ma'auratan da kunya ta hana su ɗaukar hoto tare, ko waɗanda zancensu bai wuce 'yan watanni ba, sai sun yi ƙarin bayani a kan yadda al'adarsu take. Ma'aunin da aka gina a kan salon soyayyar wata al'umma ne ake auna ta wata da shi, kuma nauyin fassara ya faɗa kan mai nema.

Wa ke riƙe da wuƙa da nama?

Akwai ɓangaren da ba a cika tattaunawa ba. Har zuwa ranar da za a ba da zaman dindindin, mai ɗaukar nauyi na iya janye buƙatarsa. Wannan ya sa makomar mutum guda a tafin hannun wani, kuma a mafi yawan gidajenmu macen ce ke ƙasa: ba dangi kusa, ba kuɗin kanta, ba ta san dokar wurin ba. A nan ne darajar buɗaɗɗen izinin aiki ta wuce batun albashi. Macen da ke da aikinta da asusunta na banki tana da bakin magana.

Kanada ta taɓa tsananta wannan dogaro. A 2012 ta wajabta wa wasu sabbin ma'aurata zama tare na shekara biyu kafin takardar ta tabbata, sai ta soke sharaɗin a watan Afrilun 2017 bayan ƙorafin cewa yana tilasta wa mata haƙuri da cin zarafi. Daga 2019 kuma ta buɗe takardar zama ta musamman, ba tare da biyan kuɗin farko ba, ga waɗanda ake cin zarafinsu a gidan aure alhali matsayinsu na rataye da abokin zama. Duk yarinyar da za a kai aure can ya kamata ta san da wannan kafin ta hau jirgi.

Shi ma mai ɗaukar nauyin yana da abin tsoro. Alkawarin shekara uku ba ya faɗuwa da saki. Idan auren ya mutu kuma tsohuwar matar ta karɓi tallafin gwamnati a cikin wannan wa'adi, shi zai biya, kuma ba zai sake ɗaukar nauyin kowa ba sai ya sauke bashin. Wanda aka kawo ta hanyar aure kuwa ba zai iya kawo sabon abokin zama ba sai bayan shekara biyar.

Abin da ya rage a gida

Kanada na da ikon tsara iyakarta, kuma auren bogi don neman takarda matsala ce da ke akwai. Amma wani kaso na wahalar da ma'auratanmu ke sha daga gida ya samo asali. Da jihohi da ƙananan hukumomi, tare da kotunan shari'a da masallatan Juma'a, sun samar da rajistar aure mai sauƙi wadda za a iya tantancewa, da an rage cinikin 'yan damfara, kuma amfanin hakan zai kai ga rabon gado da haƙƙin mata a cikin gida ma. Ya kamata matasa su san cewa dokar Kanada ta taƙaita masu karɓar kuɗi don wakilci a wannan harka ga lauyoyi da makamantansu masu rajista a can, da mashawartan da hukumar kula da sana'ar ta ba lasisi. Mai shagon da ke cika fom a bakin titi ba ya cikinsu, kuma idan ya rubuta ƙarya, mai nema ne zai ɗauki hukuncin.

Ƙofar aure ta tsira daga matsin 2025, amma adadin waɗanda za su shige ta a kowace shekara gwamnati ce ke yanke shi, kuma tana sabunta lissafin duk kaka. Idan aka rage gurbi alhali masu nema na ƙaruwa, ba sai an sauya doka ba, layin ne kawai zai yi tsawo. Ga ma'auratan da ke gaɓa biyu na teku, tsawon layin nan shi ne watannin da yaro zai yi bai ga mahaifinsa ba. Shi ya sa shirin wannan tafiya ya kamata ya fara tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, a lokacin da gyara ke da sauƙi.