Wa ya ja wayar da ke cikin rufin masallacinku?

Iskar hunturu ta fara kaɗawa, kuma kowa ya san da wa take tafe. Kara ya bushe an jibge shi a kan rumfuna, ana hura wutar jin ɗumi da asuba, labarin gobara kuma ya fara zagaya kasuwanni. A makon nan masallatanmu na Juma'a da tsofaffin gidajen sarauta nake so mu ɗaga kai mu duba, daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun, har garuruwa irin su Ruwan Gizo.

Bari in ɗauko zancen daga nesa. Ranar 15 ga Afrilu 2019 wuta ta kama majami'ar Notre-Dame da ke birnin Faris, ginin da aka aza harsashinsa a 1163. Ƙararrawar gobara ta yi aikinta, ta kaɗa wajen ƙarfe 6:20 na yamma. Aka tura mai gadi ya duba, sai ya hau rufin wani sashe da ke gefe, bai ga komai ba. Kafin a gano inda wutar take, a kira 'yan kwana-kwana, kusan rabin awa ta wuce. Katakan rufin kuwa sun kusa shekara 800 suna bushewa. Dalmar da aka lulluɓe su da ita ta narke, hasumiyar tsakiya ta rikito a idon duniya. Masu bincike ba su ga alamar ganganci ba. Abu biyu suka fi zargi: guntun sigari, ko tartsatsin wayar lantarki, domin ana cikin aikin gyara a lokacin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fargabar injiniyoyi. Zafi ya raunana duwatsun rufin ciki, ruwan kashe wutar kuma ya jiƙa su. Shi ya sa a daren aka ƙi shawarar kwararo ruwa daga jirgin sama, don nauyinsa kaɗai zai iya durƙusar da ginin. Sai 7 ga Disamba 2024 aka sake buɗe wurin, bayan an tara gudummawar da ta haura Yuro miliyan 800. Wannan Faransa ke nan. Mu in namu ya ƙone, takardar neman taimako za a buga a riƙa zagayawa da ita bayan sallah.

Kada wani ya ce ai wannan matsalar coci ce. Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sau biyu yana yin gagarumar gobara. A Ramadan na shekarar 654 bayan Hijira, fitilar da wani hadimi ya shiga ɗakin ajiya da ita ce ta jawo. A 886 kuma tsawa ta faɗa wa hasumiya, har sai da Sarkin Masar Ƙaitbai ya sake gini. Ranar 21 ga Agusta 1969 wani ɗan Ostireliya ya cinna wa Masallacin Ƙudus wuta, mumbarin Salahuddin ya ƙone. Alfarmar wuri ba ta hana busasshen itace kamawa.

Mu dawo gida. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta, mutum aƙalla 7 suka rasu. Allah Ya ji ƙansu. Wannan shi ne ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu na wajen shekarun 1830, wanda bakan gizonsa ya daɗe yana kawo masana gine-gine daga ƙasashen waje. Ba wuta ce ta kayar da shi ba. Mai Martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa kwana ɗaya kafin nan an ga tsagewa a bango, ana shirin kawo injiniyoyi ke nan abin ya auku. A Faris an ji ƙararrawa, a Zariya an ga tsaga. Duka biyun gargaɗi ya iso, lokacin da ke tsakanin gargaɗin da ɗaukar mataki ne ya yi ɓarnar.

Ginin ƙasa irin namu yana da halinsa. Tubali ba ya cin wuta, amma abin da ke riƙe da rufin soro azara ce ta giginya, wadda magina suka zaɓa saboda gara ba ta cika damun ta ba. In wuta ta kai ga azara, za ta iya ci a ɓoye cikin ƙasa ba a ga harshenta ba, sai dai rufin ya sauko gaba ɗaya. In kuma aka sheƙa masa ruwa da ƙarfi, ƙasar ta jiƙe ta yi nauyi, bangon ya saki. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa kafin damina ake yaɓe, a shafa makuba, a share indararo. Mu da muka waye sai muka shafe bangon ƙasa da siminti, danshi ya shiga ya rasa hanyar fita, yana cin ginin daga ciki alhali fuskarsa na sheƙi.

Sannan muka zo da waya. Ku shiga masallacin Juma'ar garinku ku duba sama. Wani bawan Allah ya ba da fanka goma, aka ja waya. Wani ya kawo lasifika, aka ƙara. Ɗan majalisa ya ba da sola, aka jera batura a ɗakin ladan, kusa da janareta da jarkar fetur, gefe guda ga tarin tsofaffin Alƙur'anai da tabarmin roba. Aka rufe komai da silin roba wanda ke narkewa yana ɗiga in ya ji zafi. Kowane mai gyara ya yi haɗinsa ya naɗe da salatif ya tafi, ɓera ya zo ya ƙarasa. Tagogi duk an yi musu ƙarfe saboda ɓarayi, ƙofar baya kuma an garƙame ta saboda halin tsaro. Kowa ya yi don lada ne, ban musa ba. Sai dai ba wanda zai iya gaya maka wace waya ce ta tafi ina.

Mu a Zamfara ba sai an ba mu labarin gobara ba. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu a wata makarantar allo a Ƙaura Namoda. Mutumin Ruwan Gizo ya tambayi kansa: motar kwana-kwana mafi kusa tana ina, kuma wa zai kamo hanya da ita da tsakar dare a wannan zamani? Ga madatsar Bakolori a kusa, ruwa ba shi ne matsalarmu ba. Rabin awar farko a hannun ladan da maƙwabta take.

Na san za a ce komai ƙaddara ce. Haka ne, amma Hausawa ne suka ce Allah Ya ce tashi in taimake ka. Kuɗin tayil na sahu ɗaya ya isa a kira ƙwararren mai lantarki ya bi wayoyin masallaci ɗaya bayan ɗaya, a sayi tukunyar kashe wuta a koya wa ladan da na'ibi amfani da ita, a fitar da fetur da batura zuwa wani ɗaki na daban.

Kirana ga iyayenmu sarakunan Mafara da Bakura da Maradun, Allah Ya ƙara musu lafiya, shi ne su umarci hakimai da kwamitocin masallatai a yi wannan duba kafin sanyi ya tsananta, a haɗa sarkin magina da injiniyan ƙaramar hukuma su bi bango da azara. A kuma faɗi sunan mutum ɗaya a kowane masallaci wanda in ya ga tsaga ko ya ji ƙaurin waya, yake da ikon rufe ƙofa nan take, jama'a su yi sallarsu a fili har a gyara.