Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Taifod Ba

Yaro ya naɗe a kan tabarma a Kiru, ciki na murɗa, amai na bin amai. Kowa ya san abin da zai biyo baya: a yi gwajin Widal, a ce taifod ne, a rubuta magani. Fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi tana samar da insulin da ruwan narkar da abinci, ba ta ma shigowa zance.

Alhali kuwa tana kumbura a jikin yara, kuma masu kumbura ta ba baƙi ba ne a wurinmu: tsakuwar matsarmama da ke addabar masu sikila, hangum, tsutsar ciki da ta toshe hanya, bugun kan keke a ciki.

Likita na tabbatar da cutar ne da biyu cikin uku: irin ciwon, hauhawar lipas ko amilas a jini har ninki uku, da hoton ciki. Biyun ƙarshe suna son ɗakin gwaji, wuta da ƙwararre. Ga iyaye a Doguwa, hakan na iya nufin ratsa dajin Falgore da yaron da ba ya iya miƙewa.

Tun 1997 likitoci a Helsinki suka wallafa sakamakon wani tsinke da ake tsomawa a fitsari, ya nuna sinadarin tiripsinojin-2 cikin minti biyar. Ya kama kashi 94 cikin ɗari na masu cutar. Ba allura, ba lantarki, tamkar tsinken gwajin juna biyu.

Za a ce yawancin hujjar daga manya take, kuma tsinken ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Haka ne. To, sai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin yara na Hasiya Bayero su auna shi da gwajin jini a kan yaranmu. In ya tsaya, Hukumar Lafiya Matakin Farko ta jihar ta kai shi Kiru, Bebeji da Tudun Wada, domin ma'aikaci ya san wanda zai tura Kano a daren nan.

Uzurin da ya fi ba ni haushi shi ne wai cutar ba ta da yawa. Wa ya ƙirga? Haka muka riƙa kiran kowane zazzaɓi maleriya, sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2010 a gwada kafin a ba da magani, tsinken ya shiga ƙauyuka, aka ga yawan yaran da aka yi ta ɗura wa maganin cutar da ba ita ke damun su ba.