DAGA BAKIN FAGE: Kasuwar ƙarfafa, daga Amurka zuwa Damargu

A kasuwar dabbobi ta Tanut na taɓa zama ƙarƙashin rumfar wani tsohon dillalin raƙuma. Wani saurayi ya zo yana nuna amale mafi tsawo a garke, yana tambayar kuɗinsa. Tsohon bai faɗi kuɗi ba, sai ya ce masa: "Ɗana, sukuwa za ka yi da shi, ko kaya za ka ɗora masa, ko ruwa zai ja maka a rijiya?" Da saurayin ya rasa amsa, dillali ya juyo gare ni ya ce: "Malam ɗan jarida, rubuta ka ajiye. Wanda ya sayi raƙumi bai san aikin da zai sa shi ba, ya sayo wa kansa mai cin ciyawa."

Wannan magana ita ce ta faɗo mini a rai sa'ad da nake bin labarin wata kasuwa da ke ci kowace shekara a Amurka, cikin watan Maris. Hajar wannan kasuwa ƙarfafan mutane ce, ƴan wasan ƙwallon Amurka waɗanda kwantaraginsu ya ƙare. Mai karatu zai ce: ina ruwan Damargu da wasan da ko sau ɗaya ba a taɓa bugawa a Belbeji ba? A yi mini haƙuri, za mu dawo gida kafin shafi ya cika.

Shi dai wannan wasa ya fi kusa da kokowa bisa ga ƙwallon ƙafar da muka sani. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, da hannu ake ɗaukarta, kowane gefe mutum 11. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10, wato wajen mita 9, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan gaba. Akwai ƙatti da ke jeruwa gaba kamar katanga, akwai masu gudu, akwai masu cafke ƙwallo, sannan akwai mai jefa ta yana ba da umurni, wanda za mu kira madugu, tun da Damargu ƙasar ayari ce. Babbar gasarsu, NFL, ƙungiyoyi 32 gare ta, kowace da ƴan wasa 53, wasan ƙarshe kuwa shi ake kira Super Bowl.

Da can ɗan wasa tamkar dabbar da aka yi wa shaida yake: ƙungiyar da ta fara ɗaukarsa ita ke riƙe da igiyarsa. Sai da aka sha shari'a a kotu kana aka yi yarjejeniya a 1993, wadda ta buɗe ƙofa. A yau, wanda ya cika shekara huɗu yana wasa, kwantaraginsa kuma ya ƙare, igiyarsa tana hannunsa, ya sayar da ƙarfinsa inda ya ga dama. Turai ma ta bi sawu a ƙwallon ƙafa da hukuncin Bosman na watan Disamban 1995. Amma Amurkawa sun haɗa ƴancin da takunkumi: an ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a kan albashi cikin shekara. A 1994 iyakar dala miliyan 34.6 ce, a 2025 ta kai miliyan 279.2. Dalar Amurka nake nufi, kada wani ya lissafa da dalar kasuwarmu mai tamma biyar. Kowace ƙungiya kuma tana da ikon riƙe mutum ɗaya tak cikin masu shirin tafiya, da sharaɗin ta biya shi albashin manyan masu irin aikinsa.

Wannan takunkumi shi ya mai da abin sana'ar dillalai. Tun da jakar kowa ɗaya ce, wanda ya zuba rabin jarinsa a kan mutum guda zai rasa abin toshe sauran ɓarakar. Saboda haka kafin kasuwa ta buɗe, kowace ƙungiya takan zauna ta yi wa kanta hisabi: ina aka fi cin mu bara, wa ya tsufa, wa zai tafi, nawa ya rage a jaka? Sai bayan nan take duba jerin waɗanda ke kasuwa.

Ga misalai huɗu, kowane da darasinsa.

A watan Afrilun 1993, Reggie White, wanda ya fi kowa suna cikin masu tsaron baya, ya bar Filadelfiya. Manyan birane sun neme shi, amma ya zaɓi Green Bay, garin da mutanensa ba su wuce dubu ɗari da kaɗan ba, a kan dala miliyan 17 cikin shekara huɗu, kusan miliyar 5 na sefa a canjin wancan lokaci, kafin karyewar darajar kuɗinmu ta Janairun 1994. Ƙungiyar tana da matashin madugu, abin da ta rasa shi ne mai tsoratar da madugun abokan gaba. A Janairun 1997 ta ɗauki kambu.

A 2009 kuwa Washinton ta ba Albert Haynesworth kwantaragin dala miliyan 100 na shekara bakwai. Ƙarfi yana da shi, ba mai musu. Sai dai a Tenesi ya saba da jeren mutum huɗu, inda aikinsa shi ne kutsawa. A 2010 aka kawo sabon mai horo, ya mai da jeren na mutum uku, ya ce masa ya tsaya tsakiya ya tare hanya don wasu su wuce. Raƙumin sukuwa ke nan aka kai bakin rijiya. Wasa 20 kawai ya yi musu, a 2011 suka rabu.

A Maris na 2020, Tom Brady yana da shekara 42, bayan shekara 20 a New England, mutane da yawa sun ce ya ƙare. Tampa Bay tana da masu cafke ƙwallo da masu tsaro, amma madugunta na 2019 sau 30 ya jefa ƙwallo hannun abokan gaba. Ba ta nemi saurayi mai gudu ba, ta nemi dattijon da ba ya ɓarna. A Fabrairun 2021 ta ci Kansas City 31 da 9 a wasan ƙarshe.

Na huɗu shi ne Saquon Barkley, mai gudu da ƙwallo, wanda ya yi shekara shida a New York Giants yana fama da raunin katangar da ke gabansa. A Maris na 2024 Filadelfiya, mai ƙattin gaba na ƙwarai, ta ɗauke shi a kan dala miliyan 37.75 na shekara uku, kuɗin da bai kai rabin na Haynesworth ba. Ya ci yadi 2,005 a kaka ɗaya, ƙungiyar kuma ta ɗauki kambu a Fabrairun 2025. Mutum ɗaya ne, ƙafafun ba su sāke ba, wurin ne ya dace da shi.

To, mu dawo gida. Mu ma muna da tamu kasuwar ƙarfafa, ko da yake ba mu raɗa mata suna ba. Tun 1975, sa'ad da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi na farko a Tawa, kokowa ta zama wasan da ke tsai da aiki a ofis da ciniki a kasuwa. Jahohi takwas, kowace da ƴan kokowa 10, mutum 80 ke nan a fage. Kuma kowa ya sani, ba duk wanda ya ɗaura walki da sunan wata jaha ba ne aka binne cibiyarsa a can. Ƙarfi yakan bi inda ake kula da shi.

A gasar takobi abu biyu ake nema lokaci guda, kuma bukatunsu ba ɗaya ba ne. Takobi na mutum ɗaya ne, wanda bai sha kaye ba tun daga ranar farko har ta ƙarshe. Matsayin jaha kuwa daga yawan kayen da mutum goman suka yi yake fitowa. Doso ta samu irin mutum na farko a jikin Isaka Isaka, wanda ya ɗauki takobi sau shida tsakanin 2015 da 2023, kafin Abba Ibro na Tawa ya kayar da shi a Doso a Disamban 2024. Damagaram ta ɗanɗana wannan daɗi da Aliyu Salau a Yamai a 2013, da Tasi'u Sani a 2018 a gida, a fagen da ke ɗauke da sunan Langa-Langa. Amma gwarzo ɗaya ba ya cika gurbin goma. Tun da ba a raba ƴan kokowa bisa nauyi, jaha tana bukatar ƙato mai gajiyar da abokin karo, da mai sauri wanda ke ɗaukar ƙafa, da mai dogon numfashi, da tsohon hannu mai kwantar da hankalin yara ranar da ganga ta yi zafi. Wanda ya tara ƙatti goma masu salo ɗaya ya maimaita kuskuren Washinton.

Ina Damargu a cikin wannan lissafi? Daga Olelewa zuwa Gangara, daga Falanko zuwa Tarka, da zarar an ɗaure hatsi an kai rumbu, ganga takan tashi a dandali, samari su fito. Noman gero a faƙo da jan guga a rijiya mai zurfi sun isa horo. Amma tsakanin dandalin ƙauye da fagen Langa-Langa akwai tafiya. Tanut kanta wajen kilomita 150 take daga Damagaram, balle ƙauyukan Belbeji, wadda sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Yaron da ya kayar da kowa a garinsu cikin watan Nuwamba, wa ya rubuta sunansa? Wa zai biya masa kuɗin mota, wa zai ciyar da iyalinsa cikin makonnin horo? Hanyar da ke zuwa Damagaram ita ce kuma ke zuwa Agadas. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, samari da yawa arewa suke fuskanta, wasu har Libiya da Aljeriya. Ɗan wasan Amurka in igiyarsa ta dawo hannunsa, ƙungiyoyi 32 na iya zawarcinsa. Namu kuwa, in ba wanda ya kira shi, ramin zinariya ne ke kiransa, ko wata jahar da ta fi mu ido.

Ba na zargin yaron da ya tafi. Shekarun ƙarfi kaɗan ne, ciwon gwiwa ɗaya ya isa ya rufe littafi, tafi da kirari kuma ba su cika rumbu. Wanda ya hana shi tafiya bai ba shi abin zama ba, ya zalunce shi. Tambayar tana wuyanmu ne, mu ƴan kasuwa da ma'aikata, da muke kwana gaban rediyo da talabijin muna ihu in ɗan jaharmu ya yi kaye.

Ga shawarata, guda huɗu, ba mai bukatar miliyar. Ta farko, kowace kwamin ta Tanut da Belbeji ta buɗe littafi bayan kaka, a rubuta sunan duk saurayin da ya yi fice, da shekarunsa, da nauyinsa, da salon kamunsa. Wannan aikin malamin lakwal ɗaya ne da sarkin ƴan kokowa. Ta biyu, kafin a zaɓi masu wakiltar jaha, masu zaɓe su yi hisabin da Amurkawa ke yi: wane irin abokin karo ne ya fi kayar da mu bara, wane gurbi ne babu kowa? A nemi mai cika gurbin, ko da sunansa bai taɓa shiga rediyo ba. Ta uku, alhazan da ke liƙa jikkuna a goshin ɗan kokowa ranar nasara su raba kyautar gida biyu: rabi ranar biki, rabi a asusun da zai riƙa ba shi buhun hatsi da kuɗin magani cikin watannin da ba a kokowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ta huɗu, duk alkawarin da ke tsakanin ɗan kokowa da mai ɗaukar nauyinsa a sa shi a takarda, da wa'adi, da shaidu, kuma in wata jaha ta ɗauki wanda aka rena a nan, a nemi hukumar kokowa ta ƙasa ta tsai da wani abu da zai koma wa garin da ya rene shi.

Green Bay ba ta fi sauran biranen Amurka kuɗi ba ranar da ta ɗauki Reggie White, kuma ba attajiri guda ne ya mallake ta ba, dubban magoya bayanta ne ke riƙe da hannun jarinta. Abin da ta fi su shi ne sanin gurbin da ke gare ta. Tsohon dillalin nan na Tanut bai taɓa jin sunan garin ba, amma da shi aka ba jakar Washinton a 2009, da ya tambayi aikin da za a sa raƙumin kafin ya ƙirga kuɗi.

Wanda ya san wani saurayi a ƙauyensu da ya gagari kaye bana, ya rubuto mana ta ofishin jarida, mu buga sunan garin a wannan shafi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.