Wayar Gilashi A Briketeri: Araha Ba Ta Ado

Idan masu karatu ba su manta ba, ranar 14 ga Maris 2024 wasu manyan wayoyin intanet da ke kwance a ƙarƙashin teku suka lalace a kusa da gaɓar Kodebuwa, harkoki suka tsaya cik a ƙasashe da dama, har da Kamaru. A lokacin ne jama'a da yawa suka san cewa saƙon da suke aikawa haske ne da ke gudu cikin zaren gilashi mai kaurin gashin kai.

Ƙasarmu ba baƙuwar wannan waya ba ce. Ta SAT-3 ta sauka Duwala tun 2002, ta WACS ta biyo baya a Limbe, sannan a 2018 aka haɗa Kribi da Fortaleza ta ƙasar Brazil da waya mai tsawon kusan kilomita 6,000. Yanzu wayar ta shigo gidaje da shaguna a Yawunde. To, abin da ya dame mu shi ne 'yan mitocin ƙarshe, daga bakin titi zuwa shagon tela ko mai sayar da atamfa a Briketeri, domin a nan ne ake yin tsumulmular da ke jawo asara.

Ga yadda lissafin yake. Haske yana raguwa a hanya, ana kuma auna raguwar da desibel. Duk desibel 3 da aka rasa, rabin hasken ya tafi. A tsarin GPON da aka fi amfani da shi wajen kai waya gidaje, galibi desibel 28 ne iyakar abin da za a rasa tsakanin na'urar kamfani da ta gida. Ita wayar kanta ba ta da ci, kimanin 0.35 take ci a kilomita guda. Amma akwatin da ke raba hasken wa gida 32 shi kaɗai yana cinye kusan 17. Idan aka ce a ninka gidajen su zama 64 don a rage kuɗi, an ƙara zubar da fiye da 3.

Saura kuma wuraren haɗi. Haɗin da aka narka da inji bai cika wuce 0.1 ba. Kan waya mai araha da ake maƙalawa da hannu yana iya cin 0.5, wato fiye da abin da kilomita guda ta waya ke ci. A jera irinsa shida, rabin haske ya salwanta kafin ya shiga shago. Haka nan ƙura ko maiƙo a bakin gilashin, ko cusa koren kai a cikin shuɗi, duk ɓarna ce.

Wanda ya san Briketeri ya san lungunanta matsattsu ne, gidaje manne da juna, ga hayaƙin masu tsire, ga ruwan saman Yawunde. Dole waya ta yi ta lanƙwasa, alhali lanƙwasa mai tsanani tana zubar da haske. Akwai samfurin G.657 da aka ƙera don jure wannan. Ya kamata a biya ɗan abin da ya ɗara, a sa shi, tare da akwatin haɗi mai hana ruwa shiga.

Ba muna cewa duk abu mai tsada ne ya dace ba. Mai makaranta ko ɗakin shan magani da ke son haɗa gine-gine biyu a unguwa ɗaya ba ya bukatar fitilar da aka yi don kilomita 80. Kuɗi ne a banza, ƙarfin haskenta ma yana iya makantar da na'urar da ke karɓa. A taƙaice, a rage kuɗi a wajen nisa, kada a rage a wajen haɗi.

Saboda haka muna kira ga Camtel da sauran masu wannan aiki da su wajabta wa 'yan kwangila auna hasken a gaban mai gida, su rubuta masa adadin a takarda kafin su karɓi kuɗi. Hukumar ART mai sa ido kan sadarwa ita ma ta tsaya a kan wannan. Ku kuma 'yan kasuwarmu, yadda ba ku sayen yadi sai an gwada shi a gabanku, kada ku karɓi waya sai an auna. Wanda ya tsira da 'yan kuɗi ranar ɗaura waya, ya kuma rasa ciniki duk ranar da aka yi ruwa, bai ci riba ba. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.