Ɗaki Mai Taya: Ina Ruwansa Yake Fitowa, Ina Yake Zuwa?

Wani daga cikinku ya rubuto yana tambaya game da ɗakunan nan masu taya da Turawa ke ɗaurawa a bayan mota su ja zuwa daji hutu. Ya ce ya ji har da makewayi da wurin wanka a ciki, to ina ruwan yake fitowa, ina kuma ƙazantar take zuwa?

To malam, bari mu ɗauki irin na Amurka, waɗanda akasarinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Tanki uku ne a ƙarƙashin daɓen ɗakin, kuma duk dabarar ita ce kada abin da ke cikin wannan ya taɓa na wancan.

Na farko na ruwa mai tsabta ne. Matsakaici yakan ci galan 40, kimanin lita 150 ke nan. Tun da lita ɗaya kilo ɗaya ce, cika shi tamkar ɗora wa mota buhun shinkafa uku ne. Da yake tankin yana ƙasa, ruwa ba zai hau da kansa ba, sai wani ɗan inji mai aiki da batir ya tura shi. Ka buɗe famfo ya tashi, ka rufe ya tsaya. Saboda haka in mai ɗaki ya ji injin yana gurnani cikin dare alhali ba wanda ya taɓa famfo, to ya tashi ya duba, galibi wani wuri ne ke yoyo. In an sauka a zangon da ke da ruwan famfo, sai a jona tiyo injin ya huta, amma a sa abin rage ƙarfin ruwa don kada bututan roba su fashe. Akwai kuma tukunyar ɗumama ruwa da gas, yawanci galan 6. Mu da muka saba da bokiti wannan ya ishe mu har da saura.

Tanki na biyu shi ke karɓar ruwan wanka da na wanke-wanke. Na uku kuwa na masai ne. Ka taka wani ƙarfe da ƙafa, marfi ya buɗe, komai ya faɗa kai tsaye. Wari yana bin bututu ya fita ta rufin ɗaki.

Wajen zubarwa ne sabon shiga kan sha kunya. Akwai rami na musamman a zango, ana jona masa tiyo mai faɗin inci 3. Na masai ake fara buɗewa, sannan na wanka, domin ruwan sabulu ya ɗauraye tiyon. Wanda ya ga kamar wayo ne ya bar bakin tankin masai a buɗe kullum, ruwa zai tsiyaye ya bar tudu ya bushe a ciki, fitar da shi kuwa sai an yi gumi. Jira ake yi ya kai kashi biyu cikin uku, yadda nauyin ruwa zai kwashe komai. Tiyon ruwan sha kuma, wanda yawanci fari ne, ba a ajiye shi tare da wancan ko da wasa. A ganina nan ne suka fi burge ni.

A Turai kuwa an fi amfani da ƙaramin akwatin masai na kusan lita 20, a zaro shi ta wata 'yar ƙofa a gefe a je a juye.

Da sanyi ya kama, ruwa kan daskare ya kumbura ya tsaga bututu, don haka ake tsiyaye komai a zuba maganin hana daskarewa mai ruwan hoda. Ba irin na lagireton mota ba, wancan guba ne.