Hatimin Uban Ƙasa Ba Ya Tsayar da Katafila

"Lauya sai mai rigima, mu nan amana muka gada." Haka wani dillalin filaye ya faɗa kwanan nan a gaban jama'a, sa'ad da mai sayen fegi ya nemi a dakata ya nuna wa lauya takardu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kowa ya gyaɗa kai. Wannan magana ta zama doka a Sakkwato, kuma ita ce ke cinye gumin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Gagi har Kalambaina.

Wace amana? A watan Afrilun 2024 gwamnatin Gwamna Ahmad Aliyu ta sauke uwayen ƙasa 15, kuma badaƙalar filaye na cikin zarge-zargen da ta lissafa. Ko ka yarda da matakin, ko ka ce siyasa ce, darasin ɗaya ne: kujerar da ka dogara da hatiminta tana iya canza mai ita cikin dare ɗaya. Duk da haka har gobe za ka ji ana cewa, "Ai uban ƙasa ya sa hannu."

Tun 1978 Dokar Amfani da Filaye ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. A cikin birni shi ke ba da izinin mallaka, galibi na shekara 99. Sashe na 22 ya ce mai wannan izini ba ya miƙa shi ga wani sai da yardar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta jaddada haka a 1989 a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. Sashe na 28 ya ba gwamnati damar karɓe fili don amfanin jama'a. Ina uban ƙasa a cikin wannan? Shaida ne kawai cewa an yi ciniki. Ba ya iya gaya maka ko fegin na kan hanyar da hukumar tsara birane ta zana, ko an jinginar da shi a banki, ko an riga an sayar wa mutum biyu kafin kai.

Dillali kuwa la'adarsa yake jira. Yana karɓa wurin mai sayarwa, yana karɓa wurinka, wani lokaci ya ɗora nasa a kan farashi, sannan ya yi maka wa'azin yarda da juna. Shi ne zai ce ka yi sauri domin wani Alhaji na tafe da kuɗi da la'asar. Shi ne zai kai ka fadama cikin watan Maris, ƙasa ta bushe ƙayau, ya rantse ruwa bai taɓa kwanciya a wurin ba, alhali mutanen Mabera sun san abin da damina ke yi, kuma ba mu manta ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba. Ranar da aka shafa jan fentin rusau a katangarka, wayarsa a kashe take.

Masu cewa kiran lauya rashin yarda ne da ɗan'uwa Musulmi su daina jingina sakacinsu ga addini. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta kan hanyoyin mallakar ƙasa. Irinsa ne magabatan namu, ba masu awon igiya ba. Masu kukan kuɗin lauya kuma ba su cancanci amsa ba. Mutumin da zai buɗe bakin ragon layya ya duba haƙoransa shi ne zai zuba miliyoyi a kan fallen takarda ɗaya.

Sai tsohon ciwona, gonakin gado. Yawancin fegin da ake yankawa a Wamakko da Dange-Shuni da Kware gonaki ne. Babban wa ya sayar, ƙannensa mata suna gidajen aure ba wanda ya tambaye su, marayu ba su balaga ba. Shekaru kaɗan sai ga sammaci daga kotun shari'a, kai kuma ka riga ka yi rufi. Na daɗe ina faɗa cewa cin rabon mata ya zama ɗabi'a a garin nan, kuma mai sayen da bai tambaya ba ya taya zalunci.

Kafin ka biya ko sisi, ka tura lauyanka, ba na mai sayarwa ba, ya bincika fayil a ma'aikatar filaye. Ka sa safiyo ya auna iyakoki. Ka nemi takardar rabon gado, ka ga kowane magaji da idonka. Ka je wurin cikin watan Agusta. Ka biya ta banki. Duk mai sayarwar da ya fusata don ka nemi waɗannan, ka riƙe kuɗinka ka bar masa filinsa.